Yaron da Ke Ji wa Kansa Ciwo: Abin da Ke Faruwa a Ƙwaƙwalwarsa da Jikinsa

Shugaban taro, iyayena maza da mata, malaman makaranta, ma'aikatan lafiya, da ɗaliban da na hango a can baya, barkanku da zuwa.

An ba ni batu mai nauyi a baki, irin wanda a gida sai an rage murya kafin a faɗa. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Zan yi magana ne a kan yaran da ke ji wa jikinsu ciwo da gangan, su yanki fata, ko su ƙona ta, ko su yi ta dukan bango har hannu ya kumbura, alhali a wannan lokacin ba mutuwa suke nema ba. Ban sa tsagar gado a lissafi ba, ko ƙahon wanzami, ko bulalar sharo da samarin Fulani ke sha a bainar jama'a. Waɗancan al'umma ta san da su, tana kallo, ta san ma'anarsu. Wannan kuwa a ɓoye ake yinsa, a banɗaki ko bayan an kashe fitila, a wurin da riga za ta rufe, kuma mai yinsa kunyarsa yake ji.

Na san wani zai ce wannan ai ciwon 'ya'yan Turawa ne, ƙoshi ne ya yi musu yawa. To ga lissafi. A 2014 wasu masu bincike a Ostireliya, ƙarƙashin Sarah Swannell, sun tattaro binciken ƙasashe da dama suka haɗa, suka samu kimanin kashi 17 cikin 100 na 'yan shekara goma sha sun taɓa yin haka aƙalla sau ɗaya. Yawanci tsakanin shekara 12 da 14 ake farawa. Gaskiya ne galibin ƙasashen masu arziki ne. Amma Emmanuel Quarshie, masani ɗan Gana, ya tambayi matasa sama da 2,000 a Akara da kewayenta, 'yan makaranta da masu rayuwa a kan titi, ya samu kusan ɗaya cikin biyar sun taɓa cutar da kansu. Lissafinsa ya haɗa har da waɗanda suka yi da niyyar mutuwa, don haka ba za a jera shi kafaɗa da kafaɗa da na farko ba, amma ya isa ya kashe zancen cewa abin bai san baƙar fata ba. Ko rabin wannan adadi muka ɗauka, a ajin da ke da ɗalibai 60 maganar yara biyar ko shida ake yi.

Ga yadda abin ya saba zuwa asibiti. Uwa ce za ta shigo da 'yarta mai shekara 15, 'yar makarantar kwana da ta dawo hutu. Ranar da za a yi mata ƙunshin biki aka naɗe hannun riga, sai ga tabo a jere, wasu tsofaffi, wasu ba su gama warkewa ba. Kafin a iso wurinmu an riga an yi faɗa, an yi duka, an yi kuka, an je wurin malam. Uwar ta ce, "Likita, me muka rage ta da shi? Ci ne, ko sha, ko sutura? Wallahi babanta bai sani ba, in ya ji ban san abin da zai faru a gidan nan ba." Yarinya kuwa kai a sunkuye, tana ta murza bakin hijabi. Sai an roƙi uwar ta ɗan ba mu wuri, an sha shiru mai tsawo, sannan za ka ji murya can ƙasa-ƙasa: "Abu ne yake taso mini a ƙirji kamar zan fashe. In na yi sai in ji ya sauka."

Duk inda aka tambayi irin waɗannan yara, wannan amsa ce ke kan gaba. Tun a 2004 Matthew Nock da Mitchell Prinstein a Amurka suka rarrabe dalilan da yaran ke bayarwa, kuma mafi yawa shi ne neman sauƙin ƙuncin da ya fi ƙarfinsu. Akwai masu cewa zuciyarsu ta bushe har ba sa jin komai, suna son su ji wani abu ko da zafi ne. Akwai masu hukunta kansu. Masu yi don a lura da su suna nan, amma sun fi ƙaranci, kuma ni a ganina yaron da sai ya zubar da jininsa kafin a waiwaye shi, ya cancanci a waiwaye shi ɗin. Abin da na zo in nuna muku yau shi ne yarinyar nan gaskiya ta faɗa, kuma jikinta ya ba da shaida.

Mu fara da yadda Allah ya tsara jikin kowannenmu ya amsa barazana. A can cikin ƙwaƙwalwa, hagu da dama, akwai wasu 'yan curi biyu da ake kira amigdala. Aikinsu tsinkayo haɗari. Kana tafe da dare ka hangi abu a miƙe a hanya, kafin ka tantance maciji ne ko igiya ka riga ka daka tsalle baya. Daga nan saƙo yake bin hanya biyu. Ta farko ta jijiya ce, cikin daƙiƙoƙi: wasu 'yan halittu biyu da ke zaune a saman ƙodoji su saki adirinalin, zuciya ta hau bugawa, tafin hannu ya jiƙe, baki ya bushe. Ta biyu ta jini ce, kuma ba ta da gaggawa. Wani sashe a gindin ƙwaƙwalwa ya aika sinadari ga wata 'yar halitta mai girman ƙwayar wake da ke rataye a ƙarƙashinsa, ita kuma ta aika nata ga waɗancan na saman ƙoda, su saki kotizol. Sai bayan minti 20 zuwa 30 kotizol ke kai ƙololuwa. Shi ne ke zuba sukari a jini don a samu ƙarfi, shi ne kuma ke komawa ƙwaƙwalwa ya shaida mata cewa saƙo ya iso, a dakata haka nan. An ɓata wa kotizol suna a kafafen sada zumunta, ana kiransa guba. A gaskiya yana cikin abin da ke rufe tashin hankali bayan ya buɗe.

Akwai kuma sashen da ke bayan goshi. Shi ke auna abu, ya tuna gobe, ya ce wa amigdala igiya ce, kwantar da hankalinki. A nan maganar balaga ta shigo. Tun daga shekarun 1990 Jay Giedd da abokan aikinsa a cibiyar binciken lafiyar ƙwaƙwalwa ta Amurka suka riƙa ɗaukar hoton ƙwaƙwalwar yara da na'urar MRI, su bar su shekara biyu, su sake ɗaukar na yaran nan dai. Rahoton da suka fitar a 2004 ya nuna ƙwaƙwalwa daga ƙeya take fara nuna, ta gangaro gaba, kuma sashen goshi ne na ƙarshe. Sai mutum ya doshi shekara 25 yake kammala. Sassan motsin rai kuwa balaga na kankama suke ɗaukar zafi. Doki ya riga ya ƙosa, linzami yana wurin maƙeri. Kada a ji wannan a ce matashi ba shi da hankali. Ka zaunar da ɗan shekara 16 cikin natsuwa, zai yi maka lissafi kamar babba. Inda yake gazawa shi ne lokacin da rai ya ɓaci, ko idon tsararrakinsa ke kansa.

Hatta a dabbobi an ga haka. Russell Romeo ya matsa wa ɓerayen gwaji, manya da masu dosar balaga, matsi iri ɗaya. Sinadarin damuwar ƙananan ya ɗauki ƙarin minti 45 zuwa awa guda kafin ya sauko. Sai mu ɗora rashin barci a kai. Da balaga, agogon jiki kan ja baya, barci ya ƙi zuwa da wuri, ga shi matashi yana buƙatar awa 8 zuwa 10. A 2007 Matthew Walker da abokan aikinsa sun hana wasu matasa barci dare guda, suka nuna musu hotuna masu tayar da hankali, sai amigdalarsu ta yi motsin da ya ɗara na waɗanda suka yi barci da kashi 60 cikin 100, alaƙarta da sashen goshi kuma ta yi rauni. Ku tuna da ɗalibar da ke barin ajin dare ƙarfe goma, ta tashi ƙarfe huɗu bin layin ruwa, sannan ku lissafa.

Wannan duk na kowane matashi ne. Me ya bambanta wanda ke cutar da kansa?

A 2008 Nock da Wendy Mendes sun ba matasa wasan kati 64, aka ce su jera su bisa wata ƙa'ida da za su gano da kansu. Ashe babu ƙa'idar. Bayan 'yan katunan farko, duk inda yaro ya ajiye sai a ce masa ba daidai ba. An maƙala musu na'urar auna gumi a yatsu. Masu cutar da kansu suka fi jiƙewa, suka kuma riga sauran cewa sun haƙura. A garin Ulm na Jamus, a 2012, Paul Plener ya nuna wa irin waɗannan 'yan mata hotuna suna cikin na'urar MRI, ya ga amigdalarsu ta fi ta tsararrakinsu zabura.

Gwajin da zan ɗan daɗe a kansa shi ne wanda Clemens Kirschbaum da abokan aikinsa suka ƙirƙiro a garin Trier na Jamus a 1993, don tayar wa mutum hankali ba tare da an taɓa jikinsa ba. Za a shigar da kai ɗaki, ka tarar da mutum biyu ko uku cikin fararen riguna a bayan tebur, ga kyamara, ga makirufo. A ce maka aiki kake nema, kana da minti biyar ka gamsar da su. Ka fara magana, ba mai murmushi, ba mai gyaɗa kai. In maganarka ta ƙare sai su bar ka a tsaye, su zuba maka ido, can ɗaya ya ce har yanzu da sauran lokaci. Daga nan a ce ka kama daga 1,022 kana ɗebe 13 kana faɗa da ƙarfi. Ka yi tuntuɓe, a ce koma farko. Kafin a fara da bayan an gama ana karɓar yawun mutum a auna kotizol. A mai lafiya yakan ninka sau biyu zuwa huɗu. Ku lura, ba zaki a ɗakin nan, ba bindiga, idon mutane ne kawai. Jikin ɗan Adam yana ɗaukar tozarci a gaban jama'a a matsayin barazana ta gaske. Malamai, ku riƙe mini wannan, zan waiwayo ku.

A 2012 Michael Kaess a Heidelberg ya yi wa 'yan mata 14 masu cutar da kansu wannan gwaji, da wasu 14 da ba sa yi. Kowa zai zaci kotizol ɗin na farkon ne zai yi tashin gwauron zabi. Sai aka ga akasin haka: nasu ya gaza tashi yadda ya kamata, kuma ba don gwajin bai dame su ba. A 2019 wata tawaga a Jami'ar Minnesota ta samu irin wannan sakamako a yara masu yawan da ya fi haka. Ga rai a jagule, ga jiki bai kawo ɗaukin da ya saba kawowa ba.

Fassarar da masana suka fi karkata gare ta ita ce, tsarin da aka daɗe ana tayarwa dare da rana yakan rage ƙarfin amsawarsa. Shaida mafi ƙarfi daga Romaniya ta fito. Bayan faɗuwar gwamnatin Ceaușescu a 1989 aka tarar da dubban yara jibge a gidajen marayu, ba mai ɗauka, ba mai rarrashi. Daga shekarar 2000 masu bincike suka bi yara 136 a Bukares, rabi aka ba iyalai riƙo, rabi suka ci gaba da zama inda suke. Da suka kai shekara 12 aka yi musu irin gwajin nan na Trier. Waɗanda suka zauna a gidan marayu kotizol ɗinsu ya dusashe. Waɗanda aka kai hannun iyali kafin su cika shekara biyu, nasu ya yi kusa da na sauran yara.

A nan sai in taka burki kaɗan. Mutum 14 da 14 ba taro ba ne, kuma duk waɗannan sakamako matsakaici ne na rukuni. A cikin kowane rukuni akwai masu sama da masu ƙasa. Babu gwajin jini ko hoton kai da zai nuna cewa wance tana cutar da kanta. Duk wanda ya ce ku kawo kuɗi ya yi muku irin wannan gwaji, kuɗin yake so. Sannan yara da yawa masu wannan hali daga gidajen kirki suka fito, ba wanda ya ci zarafinsu. Wani haka aka halicce shi, komai yana shigarsa da zurfi. Wani tsangwamar siniyoyi ce. Wani rabuwar iyaye. Wata sirri ne take ɗauke da shi da ba ta da wanda za ta faɗa wa. Kada uwa ta fita daga zauren nan tana tuhumar kanta.

Yanzu tambayar da ta fi ɗaure wa iyaye kai: ta yaya ciwo zai kawo sauƙi? Amsar tana cikin ɗaukewar ciwon. Joseph Franklin da abokan aikinsa a Amurka sun sa mutane jin zafi na ɗan lokaci a ɗakin gwaji, da ruwan ƙanƙara ko ɗan shokin na lantarki, sannan suka tsayar. Da zafin ya ɗauke, mutum ba ya tsayawa inda yake da farko, yakan zarce zuwa wani sanyin rai na 'yan mintuna. Ba da baki kawai aka tambaye su ba, an auna har da yadda ido ke ƙiftawa in an firgita mutum da ƙara. Kuma abin da ya fi muhimmanci, an ga haka ga masu cutar da kansu da waɗanda ba su taɓa yi ba. Ni da ku duk muna da shi. Hatta ƙuda yana da shi: a Würzburg, a 2004, an nuna cewa in aka sa wa ƙudaje wani ƙamshi kafin shokin, gudunsa suke yi, in kuwa bayan shokin ya ɗauke aka sa, sai su riƙa binsa.

Me ya haɗa wannan da ƙuncin zuciya? A 2003 Naomi Eisenberger a Los Angeles ta sa mutane wasan jefa ƙwallo na kwamfuta suna cikin na'urar MRI. Kai da mutum biyu kuna ta miƙa wa juna, can sai su biyun su ci gaba da wasansu su daina jefo maka. Wasan banza ne, amma sassan ƙwaƙwalwar da suka motsa suna cikin waɗanda ke motsawa in jiki ya ji raɗaɗi. Masana na ta muhawara kan ko haɗuwar ta kai yadda aka fara zato, amma kusancin yana nan. Don haka in zafin jiki ya ɗauke, yakan janyo wani kaso na zafin zuciya su sauka tare. A Mannheim, tawagar Christian Schmahl ta gwada wannan kai tsaye a 2015, a kan manyan mata masu jinyar da suka saba cutar da kansu. Aka tayar musu da hankali, likita ya yi musu ɗan rauni ƙanƙani a ƙarƙashin kulawa, sai motsin amigdalarsu ya ragu, alaƙarta da sashen gaba ta daidaita. "In na yi sai in ji ya sauka." Na'ura ta ga saukar.

Akwai kuma maganin kashe zafi da jiki ke haɗawa da kansa, endofin da danginsa, wanda aka fara ganowa a Aberdeen ta Sikotilan a 1975. Rauni na sa a sake shi. A 2010 Barbara Stanley a New York ta samu ƙarancinsa a ruwan lakar masu cutar da kansu. Wannan bayani bai kai na baya ƙarfi ba, domin magungunan da ke toshe aikin endofin ba su tabbata suna hana halin ba. Amma na kawo shi don wani dalili. Inda endofin ke maƙalewa a ƙwaƙwalwa, nan tiramadol da kodin ke maƙalewa. Binciken da aka yi a Najeriya a 2018 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya ƙiyasta mutum miliyan 4.6 suna shan irin waɗannan magunguna ba bisa umarnin likita ba. A ganina, sau da yawa saurayin da ya kama kwalba da budurwar da ke ɓoye hannunta abu ɗaya ke korarsu. Ɗaya mun sa masa suna ɗan ƙwaya, ɗayar ba mu ma san tana yi ba. Samari ma suna yi, sai dai wanda ya fasa hannu a bango zuciya ake cewa gare shi, ba a kai shi asibiti.

Sauƙin nan mintuna ne. Bayansa sai kunya, sai ɓoyo, sai doguwar riga cikin zafin bazara, sai tsoron ranar da za a gani, kuma duk wannan sabon ƙunci ne a kan tsohon. Ƙwaƙwalwa kuwa ta riga ta rubuta cewa ga abin da ya yi aiki. Duk abin da ya kawo sauƙi nan take, tana koyonsa da sauri. Da farko sai babban tashin hankali ke kai yaro can; a hankali ƙaramin abu ma ya isa.

To in kowa yana da wannan sauƙi a jikinsa, me ya hana yawancinmu? Muna son jikinmu, muna ganin bai cancanci a cuce shi ba. Jill Hooley ta Jami'ar Harvard ta gano cewa masu cutar da kansu sun fi daɗewa suna jure zafi a gwaji, kuma abin da ya fi nuna wanda zai daɗe shi ne yadda yake zagin kansa a zuci: ni banza ne, ni kaya ce a gidan nan, ni na ja. A 2014 ta sa wasu manya masu wannan hali suka yi 'yan mintuna suna ba da labarin wani halin kirki nasu da lokacin da suka nuna shi. Da aka sake gwajin, juriyarsu ga zafin ta ragu da kusan rabi. Da suka tuna suna da daraja, sai suka janye hannu da wuri.

Ina yaro yake samo waccan murya mai zaginsa? Ba da ita aka haife shi ba. "Dubi 'yar'uwarki." "Kai dai ba za ka taɓa yin albarka ba." "Asarar kuɗin makaranta." Mukan faɗa cikin fushi mu manta kafin la'asar, shi kuwa ya adana. Shi ya sa nake faɗa ba tare da kwana-kwana ba: uwa ko uban da ya ga tabo ya ɗauko bulala, ya ƙara ƙuncin da ke haddasa abin, ya kuma tabbatar wa yaron cewa jikin nan nasa dama na duka ne. Sa shi rantsuwa da Alƙur'ani cewa ba zai sake ba ma bai fi ba. Zai rantse da zuciya ɗaya, ranar da abin ya taso ya karya, ya wayi gari da tsohon ƙunci da sabon zunubi a wuyansa, kuma daga ranar ba za ku sake gani ba domin ya canza wuri.

Akwai labari mai daɗi, akwai mai ban tsoro, kuma dole a riƙe su tare. A jihar Victoria ta Ostireliya an bi matasa kusan 1,800 daga 1992 zuwa 2008. Paul Moran da abokan aikinsa suka ba da rahoto a 2012 cewa cikin waɗanda suka cutar da kansu suna 'yan shekara goma sha, kusan tara cikin goma sun daina da suka girma. Amma a Ingila, Keith Hawton na Oxford ya bi yara sama da 9,000 da aka kawo asibiti bayan sun cutar da kansu, ya samu cewa a shekarar da ta biyo baya, haɗarin mutuwa ta hanyar kashe kai ya ninka na tsararrakinsu fiye da sau 30. Mai yawan ji wa kansa ciwo tsoron ciwo yana raguwa a ransa, kuma wannan tsoro yana cikin abin da ke tsare mutum ranar da duniya ta yi masa zafi. Don haka ba a cewa ƙuruciya ce, zai bari.

A ƙasashe irin namu akwai ƙarin haɗari, domin abin da ke kusa da hannu a lokacin fushi yakan zama maganin ƙwari na gona ko na ɗaki, wanda ba ya ba da damar nadama. Siri Lanka ta haramta mafi muninsu daki-daki, kuma tsakanin 1995 da 2015 yawan kashe kai a ƙasar ya ragu da kusan kashi 70 cikin 100. Guguwar tunanin kashe kai takan wuce cikin mintuna ko awanni. In gubar ba ta kusa, da yawa suna tsira. Maigida, in akwai yaro mai ƙunci a gidanka, maganin feshi da tarin ƙwayoyin asibiti su koma bayan kwaɗo yau. Dokarmu ma tana ƙara wa iyaye tsoro: sashe na 231 na kundin Final Kod ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara guda ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa, shi ya sa ake ɓoye yaro a gida maimakon a garzaya da shi asibiti. Gana ta soke irin wannan doka a 2023. Mu da muka samu sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, bai kamata a bar mu a baya ba.

In kin gani, Hajiya, me za ki yi? Ki fara da kanki. Ki fita ki sha ruwa, ki bari bugun zuciyarki ya sauka, domin amigdalar 'yarki fuskarki take karantawa kafin ta ji kalmominki. Ki duba raunin, a wanke, a ɗaure. Sannan ki zauna kusa da ita ki ce, "Na gani, 'yata. Ba faɗa zan yi miki ba. Me yake faruwa a ranki kafin ki yi?" In ta yi shiru, ki bar shirun. Kuma ki yi tambayar da kowa ke tsoro, a fili: "Kin taɓa tunanin kashe kanki?" Tambayar ba ta shuka tunanin. Madelyn Gould ta gwada haka a kan ɗalibai sama da 2,300 a jihar New York a 2005, ba a ga ƙaruwar damuwa ga waɗanda aka tambaya ba, masu ƙuncin cikinsu ma sun ɗan samu sauƙi. In amsar i ce, ko ta sha wani abu, ko raunin ya yi zurfi, asibiti ne a wannan sa'a, ko da ta ce ta warware.

Babu ƙwayar da aka tabbatar tana maganin wannan hali shi kansa a yara, ko da yake ana maganin ciwon damuwar da kan zo tare da shi. Abin da ya fi shaida shi ne jinyar zama da tattaunawa da ta samo asali daga aikin Marsha Linehan a Seattle, inda ake koya wa yaro da iyayensa, tare a aji ɗaya, yadda za a gane tasowar abin da yadda za a tsallake mintunan nan masu wuya. A Oslo ta Norwe, Lars Mehlum ya gwada ta a kan matasa 77 na mako 19, rahoton 2014 ya nuna raguwar cutar da kai fiye da jinyar da aka saba. Wasu dabarun jiki suke bi kai tsaye: tsoma fuska cikin ruwan sanyi na 'yan daƙiƙoƙi yana rage bugun zuciya nan take, sai dai mai ciwon zuciya ya tambayi likita tukuna, haka jan numfashi a sake shi a hankali, fitar ta fi shigar tsawo, haka gudu ko tsalle har a yi gumi. Malamanmu da ke cewa mai fushi ya je ya yi alwala, wannan ba baƙon abu ba ne a wurinsu. Addu'a da asibiti ba kishiyoyi ba ne. Abin da nake roƙo kawai, kada a ɗaure yaro ko a doke shi da sunan fitar da iska.

Mukan ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma yawanci hujjar duka muke nema da shi. Ga abin da bincike ya nuna game da ɗanyen. Megan Gunnar ta Jami'ar Minnesota ta bi yara kusan 300, cikinsu akwai waɗanda suka fara rayuwa a gidajen marayu kafin iyalai su ɗauke su. Suna ƙanana kotizol ɗinsu a dusashe yake, kamar na yaran Romaniya. A rahotonta na 2019, yayin da balaga ke ci gaba a gidajen da ake kula da su, amsawar jikinsu ta riƙa dawowa har ta kamo ta tsararrakinsu. Ashe balaga lokaci ne da jiki ke sake auna duniyar da yake ciki, ya daidaita kansa da abin da ya tarar. Abin da yaro ya tarar a gida da makaranta tsakanin shekara 11 da 16 yana shiga wannan awo.

Malamai, na ce zan waiwayo ku. Fito da yarinya gaban asambili a ɗaga hannunta kowa ya gani, gwajin Trier ne kuka shirya mata da mutum ɗari biyar maimakon uku. Sannan halin yana yaɗuwa tsakanin ƙawaye, musamman a ɗakin kwana. Abin da kuka nuna don tsoratarwa, wata da ke cikin ƙunci darasi za ta ɗauka. Kora ma ba mafita ba ce, an dai mayar da ita gida da ƙarin abin gori. Kowace makaranta ta ware malami ɗaya ko biyu masu riƙe sirri waɗanda ɗalibai suka san za su iya zuwa wurinsu. A yi magana da yarinyar ita kaɗai, a shaida mata cewa za a sanar da gida, a tambaye ta wa ta fi so a fara faɗa wa. In gidan ne tushen matsalar, a nemi wani babba a dangi da ta amince da shi. A tambayi ƙawayenta na kusa ɗaya bayan ɗaya, a asirce. Daga nan a tura ta inda ya dace: asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, Maiduguri, da Dawanau a Kano suna nan, haka sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya. Inda waɗannan suka yi nisa, a fara da likitan babban asibiti mafi kusa, a nemi takardar turawa, kuma babba ya raka ta ranar farko.

Shugaban taro, a nan zan dakata don a samu lokacin tambayoyi. Wanda tambayarsa ba ta faɗuwa a gaban jama'a, ya rubuta a takarda ba suna, a miƙo.